Yarona ɗan wata 4 ya daina barcin dare

'Yar'uwa, kin ce da yana barci lafiya, yanzu kuma bini-bini sai ya farka. Kwantar da hankalinki, ba nononki ne ya kasa ba. A wata na 4 barcin jariri kan sauya salo, ya yi nauyi ya yi sauƙi, sai ya farka a tsakani. Yawanci makonni ne ya daidaita.

Ga kuma zafin Sakkwato, da bazara har ya haura digiri 40. Yi masa wanka bayan magariba, riga ɗaya mara nauyi, ki kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro. In ya farka, shayar da shi a duhu, ban da haska masa tocila. Jiƙo ko ruwa kuwa, ko kaka ta matsa, a'a, nono zalla har wata 6. Zuma sai ya shekara.

In jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi kama nono, ku tafi asibiti.