Kada ki rubuta takardar ajiye aikin nan

Tambaya: Barista, shekarata huɗu ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Najeriya. Kwanakin baya na gano cewa abokin aikina namiji, wanda ni na koya masa aikin, ya fi ni albashi. Na haɗiye. Yanzu cikina wata shida, manaja ya kira ni ofis ya ce in rubuta takardar ajiye aiki "don in huta", idan na haihu za a duba. Ina yawan karanta rubuce-rubucen masu fafutukar haƙƙin mata, na san wannan wariya ce. Amma me doka ta ce?

Amsa: Malama, Allah Ya sauke ki lafiya. Kada ki rubuta takardar nan, ko an rubuto miki kada ki sa hannu. Manajanki ya san abin da yake yi: idan shi ya sallame ki, kotu na iya neman ya zo da dalili, amma idan ke kika ajiye da hannunki, zai nuna wa alƙali takarda ya ce ai ita ta tafi. Ana iya shawo kan kotu cewa tilasta miki aka yi, sai dai wannan doguwar hanya ce, kuma nauyin kawo hujja a kanki zai faɗa.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ciki hutun mako shida kafin haihuwa, da takardar likita, da wasu shida bayanta. Wadda ta yi wata shida ko fiye a wurin aikin za a biya ta aƙalla rabin albashinta a wannan lokaci, kuma an hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun. Idan ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana. Amma akwai wata 'yar ƙugiya: sashe na 91 ya cire masu aikin gudanarwa da ƙwararrun ma'aikata daga waɗanda dokar ke kira "ma'aikaci". Ba ki faɗa mini matsayinki ba. Idan kina cikin waɗancan, takardar ɗaukarki aiki da littafin ƙa'idojin kamfanin ne za mu fara buɗewa.

Ko da hakan ne, ƙofa ba ta rufe ba. Tun gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2010, sashe na 254C ya damƙa wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa duk ƙarar da ta shafi wariya ko cin zarafi a wurin aiki, ya kuma ba ta ikon yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Daga ciki akwai yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta wariya a aiki saboda jinsi, da ta 100 mai magana kan albashi ɗaya ga aiki mai daraja ɗaya. A 2013 kotun ta ba wata ma'aikaciya gaskiya a ƙarar da ta shigar da kamfanin Microsoft Nigeria, bayan an sallame ta don ta ƙi amsa neman da shugabanta ke yi mata. Kotun ta jingina hukuncin da yarjejeniyar CEDAW ta 1979, ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariya ga mata, wadda Najeriya ta amince da ita a 1985.

Maganar albashi ta fi santsi, gara in faɗa miki tun yanzu. Sashe na 17 na Kundin ya ambaci biya ɗaya ga aiki ɗaya, amma yana cikin babi na biyu, wanda ba a kai ƙara da shi shi kaɗai. Kamfani zai ce mutumin ya fi ki takardun karatu, ko ya fi ki iya ciniki ranar da aka ɗauke shi. Karatun da kika yi ya buɗe miki ido, na kuwa yaba, sai dai alƙali zai tambaye ki takarda ne: nawa ake biyanki, nawa ake biyansa, mene ne aikin kowa. Na ga mata da yawa masu gaskiya sun fita kotu hannu rabbana saboda komai da baki aka yi.

Saboda haka yau ɗin nan ki aika wa manajan saƙon imel, cikin ladabi: "Dangane da maganarmu ta ranar kaza, ba ni da niyyar ajiye aiki, ina neman hutun haihuwa daga ranar kaza." Ki haɗa da takardar likita, ki sa ofishin kula da ma'aikata a ciki. Ki adana kwafin takardar ɗaukarki aiki, da takardun albashi, da duk saƙon WhatsApp da ya taɓa maganar cikin, a wajen kwamfutar ofis. Amma kada ki ɗauko takardun albashin abokin aikinki ta ɓarauniyar hanya, sai ki ba su dalilin korarki a ɓagas. Lauya na iya roƙon kotu ta sa kamfanin ya kawo su.

Idan suka sallame ki duk da haka, kina iya kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago a yi sulhu, ko ki wuce kotu kai tsaye. Ki sani kotu ba kasafai take tilasta wa kamfani mai zaman kansa ya mai da ma'aikaci ba, diyya aka fi samu. In kuɗin lauya ne matsala, ki nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ki tafi da takardunki a jere bisa kwanan wata.