Ga 'yar'uwar da ta tambayi ta ina za ta fara tanadi

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na kasa wucewa. Kin ce albashin maigidanki ba ya kai ashirin ga wata, ga yara huɗu, kuma da zarar an ce zanga-zanga ko dokar hana fita sai gabanki ya faɗi, don babu abincin kwana uku a ɗakinki. Wallahi kamar a bakina kika ɗauka.

Ni canjin kuɗi ne ya koya min hankali, Fabrairun 2023. Kullen korona na 2020 mun ji jiki, ga azumi, amma dai akwai ɗan gero a gida. Wannan kuwa, wajen sha ɗayan dare amai da gudawa suka kama autana, lokacin yana shekara biyu, babansu ya yi tafiya. Da kuɗi a asusuna, ina ganinsu a waya, amma ko ɗari biyu babu a hannuna. Na goya shi na fita. Mai kemis ya ce in tura, na tura, aka cire min, shi bai ga komai ba, ya mayar da maganin kan kanta. Shi ma ban riƙe shi sosai ba. Wanda na kasa mantawa mai shagon bakin layinmu ne. Tun ina amarya nake ciniki a wurinsa, da babbar salla har nama nake aika wa matarsa. Na ce ya ranta min dubu biyu in hau adaidaita zuwa asibiti. Ina tsaye ina ganin kuɗi a durowarsa, ya ce, "Hajiya, ai yanzu kuɗi sayar da su ake yi. Turo dubu uku, in ta shigo in ba ki." Yaron yana bayana ya yi laushi, idonsa ya faɗa, ko kuka ya daina. Na ce don Allah ka dubi yaron nan. Bai ko ɗago ba, ya ci gaba da ɗaure sukari a leda. Na yi ƙoƙarin yafe masa, Allah ya sani, amma har yau ina jin ƙarar ledar nan.

Wata tsohuwa mai ƙosai a maƙotanmu ce ta kwance haɓar zaninta ta ba ni, ta kuma haɗa ruwan gishiri da sukari muna ba shi a hanya. Ki riƙe wannan: ruwan da aka tafasa ya huce lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Na leda da ake sayarwa a kemis ya fi, ki ajiye biyar, amma ba ya hana zuwa asibiti.

Kar ki jira sai kin tara kuɗin buhu, ba za su taru ba. Duk sanda za ki ɗora tukunya, ki ɗebi cikin hannu ɗaya ki zuba a bokiti mai murfi, yara ba za su ji bambanci ba. Da kaka kuma, mu huɗu muke haɗa kuɗi a sayo mana buhun masara da na wake a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano, mu raba da kwano. Waken ki shanya shi ya bushe ƙayau, ki cika jarka har baki ki toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Don Allah ban da maganin ƙwari, abin da za ku ci ne. Lokacin sanyi in tumatir ya yi arha a kasuwar 'Yankaba ki yanka ki shanya. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin kwaki, waɗannan ajiyarsu ba ta neman wutar lantarki. Kin tuna Oktoban 2024 da muka yi sama da mako babu lantarki? Wata ƙawata firji guda ta cika da nama, ƙarshe rabar da shi ta yi tana hawaye. 'Yan garuwa kuma suka ƙara kuɗi don rijiyoyin burtsatse sun tsaya. Tun daga nan durona ba ya zama babu ruwa, kuma ko da gas ina da kurfoti da ƙullin gawayi.

Kuɗin hannu, ki ajiye ƙanana, ɗari biyu da ɗari biyar, ki ƙyale su kamar babu su. Kuma kar ki tsananta wa maigidan, shi ma yana kwana da abin, tun da aka cire tallafin mai kuɗin mota ke cinye albashi. Ki nemi sana'a ke ma. Ni ɗinki na koya, da gangan na sayi keken ƙafa. Sannan ki gaida maƙotanki, ki leƙa marar lafiyarsu, ni fa da ƙyar nake gaida tsohuwar nan a da, ina jin kunyar faɗa.

Yaron yana nan lafiya, har ya shiga Islamiyya. Shagon nan kuwa, ko ashana ce gara in aika layin baya.