Ultraman na 1966: kar ka yanke hukunci da kashi na farko

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli kashi na farko na Ultraman, shirin talabijin na Japan na 1966, ka ga ya tsufa, kana tambaya ko ya cancanci ka ci gaba. Na daɗe ina bin finafinan dodannin Japan, kuma ina roƙonka ka daure ka kalli na biyu tukuna.

Na farkon shimfiɗa ce kawai. Tashar TBS ta nuna shi ranar 17 ga Yuli, 1966. Hayata, jami'in rundunar binciken kimiyya, yana cikin jirginsa sai wani jan dunƙulen haske ya yi karo da shi. Ashe Ultraman ne, wani ƙaton baƙon halitta daga yankin sararin samaniya mai suna M78, yana bin dodo Bemular da ya kuɓuce masa. Don ya biya ran da ya salwantar, sai ya haɗa ransa da na Hayata, ya ba shi 'yar na'urar da zai riƙa ɗagawa in zai rikiɗa. Na yarda da kai, Bemular ba shi da kwarjini, faɗan bakin tafkin ma bai ƙayatar ba.

A kashi na biyu ne shirin ya nuna ko shi wane ne. Nan Baltan ya bayyana, wani baƙo daga wata duniya mai hannaye irin na almakashi da wata dariya mai tayar da tsigar jiki. Ga shi yana rabuwa gida-gida, ka harbe wannan wancan ya fito. Amma labarinsa ne ya fi kama ni. Gwajin makamin nukiliya ya hallaka duniyar su Baltan, suka rasa matsuguni, sama da biliyan 2 suna barci a cikin jirgi guda, an ƙanƙantar da su. Hayata ya ce za su iya zama in za su bi dokokin mutane, suka zaɓi ƙwace. Ƙarshe Ultraman ya ɗauke jirgin ya tarwatsa shi. Ka tuna shekara 21 ke nan kacal da jefa bam a Hiroshima da Nagasaki, kuma wa yara aka yi shirin. Har yau in na kai wurin nan zuciyata ba ta kwanciya, domin 'yan gudun hijira ne, ko da wakilinsu azzalumi ne.

Na uku mai sauƙi ne: Neronga, dodon da ba a gani sai ya sha lantarki ya ƙoshi. Rigar da ɗan wasa ke shiga ya zama Neronga ta Baragon ce, wani dodon fim na kamfanin Toho, aka gyara.

Batun tsufa kuwa, dubi aikin hannun. Eiji Tsuburaya, wanda ya yi dabarun hoton Godzilla a 1954, shi ne jagoran aikin. Ƙananan gine-gine aka ƙera da hannu, Bin Furuya ya shiga rigar Ultraman yana kokawa a tsakaninsu, babu kwamfuta ko kaɗan. Za ka lura bakin fuskar Ultraman ya ɗan yamutse a kashi 13 na farko, daga na 14 aka sauya ta. Ni ta farkon na fi so, ta fi kama da baƙon halitta.

Duka kashi 39 ne, kowanne bai kai rabin awa ba. Nemi mai muryar Japananci da fassara a ƙasa, kuma ko za ka tsallake wasu, kar ka tsallake na 23, labarin Jamila, ɗan sama jannatin da ƙasarsa ta yi watsi da shi har ya koma dodo.