Tsimin gida da ajiyar ƙasa: amsa ga ɗan'uwa a Jidda

Wani ɗan'uwa direba a Jidda ya aiko da tambaya: "Duk wata ina tura kuɗi gida Kano. Na ce wa iyalina su rage cefane, su riƙa ajiye kashi ɗaya cikin uku. Abokina ya ce in kowa ya yi haka kasuwa za ta mutu, ƙasa kuma ba za ta ƙaru da komai ba. Gaskiya ne?"

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa maka.

Abin da iyalinka suka kashe shi ne cinikin wani. In gidaje suka ɗaure bakin aljihu lokaci guda, mai atamfa a Kantin Kwari zai wuni ba ciniki, ya sallami yaron shagonsa, yaron kuma ya koma cin ɗan abin da ya tara. Wani ya ajiye, wani ya cinye nasa, jimilla ba ta motsa ba, wani sa'in ma ta ragu. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, Keynes, shi ya shahara da wannan bayani a shekarun 1930, lokacin da masana'antu suka kwanta mutane suka rasa aiki. Kuma kada ka manta, ajiyar ƙasa ba ta magidanta kaɗai ba ce. Akwai ribar da kamfanoni suka riƙe, akwai gwamnati, wadda giɓin kasafinta kan haɗiye wani ɓangare na abin da jama'a suka tara.

Ɗaya rabin kuwa shi ne: ina kuɗin za su kwana? In sun shiga banki aka ba manomi ko mai masaƙa jari, cinikin da aka rasa a kasuwa ya dawo ta wata ƙofa, ajiyar gida ta zama ajiyar ƙasa ta gaske. Misali, Sukuk ɗin farko (takardun zuba jari na tsarin Musulunci da jama'a ke saye) da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, hanyoyi aka gina da shi. In kuwa ƙarƙashin katifa suke, ba kai ba ƙasa, don darajarsu zubewa take yi. Dalar da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024.

Gidanka ɗaya ba zai kashe kasuwar Kano ba, don haka ka yi ajiyarka. Amma ban yarda da rage cefane ba. A rage anko da gudummawar bikin da ake yi don idon mutane, a bar tukunyar yara yadda take.

Ajiyar kuma ta kasance da sunanka, ba a hannun ƙani ko suruki ba, don amana da kuɗi sun raba zumunci da yawa. Tun 2025 Babban Bankin Najeriya ya ba mazauna waje damar yin lambar BVN, wadda ake buƙata wajen buɗe asusun banki, daga inda suke. In kana gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ. Hukumar NDIC tana ba da inshorar ajiya har naira miliyan 5 ga kowane mai asusu a bankin kasuwanci, in naka ya haura haka ka raba shi banki biyu. Wani kaso kuma ka bar shi a riyal, tunda darajarsa ɗaure take da dala.