Amsa ga ɗan ƙanwata a Maraɗi kan takardun shaidar rubuta manhaja

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso mini nan Faransa, kuma na yi murna da ka samu bak, wato shaidar kammala sakandare, lafiya. Ka ce wani abokinka ya tabbatar maka cewa idan ka mallaki takardun shaida uku na rubuta manhajar kwamfuta, kamfanonin Turai da kansu za su aiko maka da gayyata, saboda haka kana so mahaifiyarka ta sayar da tumakinta domin ka biya kuɗin jarrabawa. Ina roƙonka da ka dakata da maganar tumakin nan har ka gama karanta abin da zan faɗa maka.

Takardar shaida irin wannan ba digiri ba ce, kuma ba ta buɗe ƙofar biza. Kamfani ne ko wata cibiya take shirya jarrabawa a kan fasaha guda, idan ka ci ta ba ka shaidar cewa a ranar ka san abin da aka tambaye ka. Wanda yake son zuwa karatu Faransa kuwa, abin da ake nema a wurinsa shi ne gurbi a makaranta da hujjar cewa yana da kuɗin zama, wanda a 2024 aƙalla yuro 615 ne a kowane wata, wato sama da jika ɗari huɗu a kuɗinmu, sannan ka san ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, abin da ya ƙara wa hanyar tsawo. Shi ya sa nake ganin ka yi rajista a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke nan kusa da kai, ka nemi fannin lissafi ko kimiyyar kwamfuta, domin lisans, wato digirin farko, ita ce takardar da ofisoshin shige da fice da jami'o'in waje suke ganewa, sauran kuma ƙari ne a kanta.

Game da koyon kansa, kada ka biya ko dala a watanni shida na farko. Jami'ar Harvard tana da darasin da ake kira CS50, kyauta ne a intanet, yana farawa daga tushe da harshen rubuta manhaja mai suna C kafin ya kai ga harsunan Python da SQL, kuma wanda ya kammala ayyukansa da maki 70 cikin ɗari yana samun shaidar kammalawa ba tare da ya biya ba. Akwai freeCodeCamp, shi ma kyauta, ga mai son gina shafukan intanet. Idan Turancin Ingilishi ya yi maka nauyi da farko, OpenClassrooms yana da darussa da Faransanci, amma kada ka zauna a nan, domin saƙonnin kuskure da kwamfuta take nunawa da littattafan bayani na kowane harshen manhaja da Ingilishi suke zuwa, kuma tun da Jibiya da Katsina suna bakin ƙofarku, ba za ka rasa wanda za ka riƙa gwada harshen da shi ba. Ka zaɓi harshen rubuta manhaja ɗaya ka riƙe shi. Ni Python nake ba ka shawara, saboda rubutunsa yana da sauƙin karantawa, kuma tsohuwar kwamfutar hannu ma tana ɗaukarsa. Ka riƙa sauke darussan da dare lokacin da layi ya fi sauƙi, ka yi aikin da rana ko babu intanet, tun da rubuta Python ba ya bukatar layi.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona. A wurin aikina an taɓa sa ni cikin masu tantance sabbin ma'aikata, sai wani saurayi ya zo da takardun shaida biyar a jere. Muka ba shi jerin lambobi, muka ce ya rubuta 'yan layuka da za su fitar da waɗanda suka maimaitu. Ya yi kusan minti ashirin yana kallon allo, gumi yana keto masa, ya rubuta ya goge, har na ji tausayinsa ya kama ni, domin a fili yake haddar amsoshi ya yi. Bayansa wata yarinya ta shigo da takarda ɗaya tak, amma ta buɗe shafinta na GitHub, inda masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu a intanet, ta nuna mana ƙaramar manhajar da ta yi wa shagon mahaifinta, ta bayyana inda ta yi kuskure da yadda ta gyara. Ita aka ɗauka. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni ya guji masu sayar da tambayoyin jarrabawa da aka sato, domin ban da cewa ba sa koya maka komai, masu jarrabawar suna soke takardar wanda aka kama, su kuma hana shi sake zama.

Kai ma kana da irin wannan aikin a gabanka. Kawunka da ke babbar kasuwa har yanzu a littafi yake rubuta bashin buhunan wake da gyaɗa, wani da sefa wani da naira, kuma duk ƙarshen wata sai an yi gardama a kan canji. Ka rubuta masa manhajar da za ta riƙe sunan mai bashi da ranar da ya karɓa da kuɗin da aka yi ciniki da shi, ta kuma fitar da jimilla. A cikin wannan aikin kaɗai za ka koyi ajiye bayanai, da lissafi, da sauraron mutumin da bai damu da kwamfuta ba sai dai ya ga kuɗinsa sun fito daidai.

Sai bayan haka maganar jarrabawa ta taso. Ga mai farawa, PCEP ta cibiyar Python Institute ta dace: tambayoyi 30 ne, ana ci da maki 70 cikin ɗari, kuma darasin shirinta yana nan kyauta a Cisco Networking Academy. Ta harshen Java da kamfanin Oracle yake bayarwa tana da daraja, amma tana da tsauri da tsada, ka bar ta sai ka yi shekara kana rubutu. Abokinka zai ambaci AWS Cloud Practitioner, wadda kuɗinta dalar Amurka 100 ne, tambayoyi 65 cikin minti 90. Ka sani ba ta gwada iya rubuta manhaja, sanin hidimomin kwamfuta da kamfanin Amazon yake bayarwa ta intanet take gwadawa, kuma bayan shekara uku wa'adinta yake ƙarewa, don haka asara ce ka yi ta tun kana shekarar farko a jami'a.

Jarrabawar da ake yi daga gida ta hanyar kamfanin shirya jarrabawa Pearson VUE tana da sharuɗɗan da ya kamata ka shirya musu tun da wuri. Mai sa ido yana kallonka ta kyamara daga farko har ƙarshe, sai ka ɗauki hoton ɗakin, ba a yarda kowa ya shigo ko a ji magana ba, kuma sunan da ka yi rajista da shi dole ya zo daidai da na katin shaidarka harafi da harafi. A gida irin namu, inda yara suke shiga da fita, ga zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta, katsewar layi na iya cinye maka kuɗin gaba ɗaya. Ka nemi ɗaki mai rufi, ka cika batir, ka gwada layin da manhajar gwajinsu kwana biyu kafin ranar. Biyan kuɗin da katin banki ake yi, wannan kuwa ka bar mini shi.

Ka fara CS50 a wannan makon, kuma idan ka gama aikin mako na biyu ka turo mini abin da ka rubuta in duba, ko da bai yi aiki ba. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata zan kira ta ranar Juma'a a kan maganar tumakin.