Lambuna ya yi yaushi a ƙarshen lokacin zafi, ko zan iya sake shuka furanni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Furannin da na shuka a farkon lokacin zafi sun yi kyau sosai, amma yanzu lambun ya yi yaushi. Fetuniya ta yi zaƙo-zaƙo, sai fure ɗaya a ƙarshen reshe, wasu wuraren kuma sun zama fili. Lokaci bai ƙure ba in sake shuka wasu, ko in haƙura sai baɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Lokaci bai ƙure ba. Sai dai kafin ki sayi ko tsiro ɗaya, ki ɗauki almakashi ki zagaya lambun tukuna, domin da yawa daga cikin waɗanda kike ganin sun gama aiki ba su gama ba.

Furen da ke rayuwar shekara ɗaya ba shi da wani buri illa ya yi iri kafin ya mutu. Da zarar iri ya fara ƙulluwa, sai ya mai da ƙarfinsa can, ya rage fitar da sabon fure. Don haka ki riƙa cire furannin da suka bushe, kuma ki cire har da ɗan ƙullin da ke ƙarƙashinsu, don a nan irin yake. Mutane da yawa fatar furen kawai suke tsinkewa su bar ƙullin, aikin ya tashi a banza. Ita kuwa fetuniya, ki rage tsawon rassanta da rabi, ki yanka daidai saman wani ganye. Na san hannu ba ya son yin haka, kuma za ta yi muni na 'yan kwanaki, amma cikin mako 2 zuwa 3 za ki ga ta yi toho ta cika. Wanda karansa ya ruɓe, ko ganyensa ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka, wannan ki tuge shi ki fitar da shi daga lambun, kada ki zuba shi cikin taki.

Yanzu sai batun cike gurbi, kuma a nan lissafi ne ke aiki. Ki binciki lokacin da sanyi mai daskarar da raɓa ya saba fara sauka a yankinku, ki ƙirga kwanakin da suka rage. Ƙaramin marigol kan yi fure cikin kwana 45 zuwa 50 daga shuka, kosmos 50 zuwa 60, zinniya 60 zuwa 70. Ki ƙara kamar mako 2 a kan abin da aka rubuta a jikin fakitin iri, saboda rana na raguwa, girma kuma na tafiya a hankali. Waɗannan ukun masu son zafi ne, asalinsu daga yankin Meziko, dare ɗaya na daskarewa ya isa ya kashe su. In abin da ya rage bai kai mako 10 ba, ni shawarata ki bar iri, ki sayi dashe. In kuwa yankinku ba a samun irin wannan sanyi, to hankalinki kwance, ki shuka abinki.

Ki haɗa da masu jure sanyi, irin su fansi da kalendula da alisum, su karɓi lambun idan na farko suka faɗi. Amma kada ki yi gaggawar dasa fansi, zafi na wahalar da ita. Ki jira dare ya fara sanyi.

Wajen saye, kada cikar fure ta ruɗe ki. Gajeren tsiro mai kauri, mai furannin da ba su buɗe ba, ya fi dogo wanda ya gama buɗewa. Ki zare shi daga cikin robarsa ki duba saiwar: in fara ce, lafiya lau, in ta nannaɗe ta cure, ki warware ta da yatsa kafin ki binne, in ba haka ba za ta ci gaba da zagaye a wuri ɗaya. Ki yi dashen da yamma, ki ba shi ruwa nan take, sannan kullum a makon farko. Bayan nan ki tsoma yatsa a ƙasa, in kin ji danshi ki bari sai gobe. Ruwan a gindi za ki zuba, ba a kan ganye ba, musamman zinniya, don cutar ganye ba ta mata wuyar kamawa.

Ƙasar nan ta yi watanni tana ciyar da wasu, saboda haka ki gauraya ruɓaɓɓen taki a kowane rami. Kada dai ki cika takin zamani mai yawan naitirojin, ganye za ki samu, fure ya yi ƙaranci, kosmos ma ta fi yin fure a ƙasar da ba a cika mata taki ba. Ki lulluɓe ƙasan da busasshen ganye kaurin santimita 5, ki bar ɗan fili a kewayen karan. Kuma ki dasa masu launi ɗaya uku-uku ko biyar-biyar a wuri guda. In kika warwatsa su ɗaya-ɗaya, daga nesa ba za a ga komai ba.