Amsa: Wa ya kwaikwayi badalar Kano a Jos?

Malam, Baturen da kake tambaya a kansa, wanda ya sa aka kwaikwayi ganuwarmu a Jos, Zbigniew Dmochowski ne, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Polan. Shekaru ya yi yana bin garuruwan Najeriya, yana auna soraye, yana zana bakan gizon rufin ɗaki da jerin azara ɗaya bayan ɗaya. Shi ya kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda magina suka tayar da irin masallacin Juma'ar Zariya wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina. Ya rasu a 1982.

Na taɓa zuwa, har na shafa tubalin da hannuna. Abin haushi, ina dawowa Kano na tarar da yara suna ɗibar ƙasar badalarmu ta gaske a baro.